Ta'aziyyar Mai Rai

Shafi na 23

Masu turo min saƙo cewa Auta ta faye zafi, na ji ku. Masu cewa "ai yayan nata malami ne, a rufa masa asiri," ku ma na ji ku. Ku karanta wannan shafin tukuna, sai mu yi magana.

*

Albishir na zo yi wa Yaya.

Baba, wanda ciwon zuciya ya kwantar a asibiti makonni da dama, yau ya farka da ƙarfinsa. Ya tashi zaune da kansa, ya sha shayi, har ya tsokani Umma wai ta rame ta fi shi kama da marar lafiya. Sannan ya dube ni ya ce, "Auta, je ki kira min yayanki. Ki ce ya zo shi kaɗai, ban da mutanen nan masu fitila."

Na kira wayar Yaya bai ɗaga ba, shi ya sa na hau mota zuwa ofishin da yake ɗaukar wa'azinsa na intanet, can saman wani ginin shaguna.

Ina tsakiyar matattakala na jiyo muryarsa.

"Ya 'yan uwana masu imani... yau Allah ya karɓi abinsa. Mahaifina... mahaifina ya rasu."



Na dafe bango na zame na zauna. Jakata ta faɗi, kayan ciki suka watse. Baban da na baro yana dariya? Baban da ya ce in sayo masa lemo a hanya?

Sai na sake ji.

"Mahaifina... mahaifina ya rasu."

Da irin shessheƙar, a daidai wurin da aka yi ta farko.

"Mahaifina... mahaifina ya rasu."

Na kwashe kayan na mayar jaka, na miƙe. Ban san lokacin da na banka ƙofar ba.

Babu Yaya a ɗakin. Manaja ne kawai, mutumin da ke kula masa da shafi da tallace-tallace, zaune gaban kwamfuta ya ɗora ƙafa kan tebur yana cin biskit. Fuskar Yaya ta cika allon kwamfutar, ido jawur, hawaye har gemu.

Manaja ya zabura, biskit ɗin ya faɗi.

"Ƙanwarmu! Ai sai ki yi sallama."

"Mene ne wannan?"

"Aiki ne. Aikin ofis."

"Na ce mene ne wannan?"

Ya miƙa hannu zai rufe, na riga shi na danna. Bidiyon ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Na ga Yaya ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. Sai ya ɗago, ya ja hanci, ya dubi gefen kamara. Muryarsa ta dawo garau kamar ba shi ba.

"Ya yi? Ko in ƙara?"

Muryar Manaja ta amsa daga bayan kamara. "Ƙara ɗaya, Ustaz. Ka ɗan tsaya bayan 'mahaifina', ka bari hawayen ya gangaro tukuna. Ka yi saurin share shi."

"To miƙo min abin nan, idon ya bushe."

Wani hannu ya shigo da 'yar kwalbar man zafi. Yaya ya lakato ya shafa ƙarƙashin ido, ya yi tsaki. "Kai, yau da zafi!" Su biyun suka kwashe da dariya.



"Yaushe kuka ɗauki wannan?"

Manaja ya sosa ƙeya. "Ranar da likita ya ce a shirya wa komai."

"Ranar da ni da Umma muke ƙofar ɗakin Baba muna kuka?"

"To ai shi ma Ustaz kukan ya yi."

Na dube shi. Ko a jikinsa. Har yana kakkaɓe ɓurɓushin biskit daga rigarsa.

Na juya na ƙare wa ɗakin kallo. Kantar littattafan da mabiyan Yaya ke yaba wa, suna cewa malam ya sha karatu, takarda ce aka manna a bango. Dardumar da ake nuna shi yana sujada a kai an liƙe ta da salatif a ƙasa don kar ta kauce wa fitila. Gefe guda kuma katan-katan na turare da zuma da carbi, kowanne da hoton fuskarsa yana murmushi.

Sai idona ya faɗa kan ƙaramin teburin da ke gaban kujerarsa.

Tabaran Baba. Da tsohon carbinsa mai ɗaurin baƙin zare.

Kwana da kwanaki Umma na neman su. Ta zazzage jaka, ta ɗaga katifa. Har sai da ta yi wa matar da ke share ɗakin asibitin kallon zargi, baiwar Allah ta rantse tana hawaye. Baba kuwa da yatsu yake lazimi tun ranar.

Na ɗauke su.

"Wa ya kawo waɗannan nan?"

"Ustaz ne. A ƙarshen bidiyon ya riƙe su a ƙirji. In kin ga wurin, ke ma sai kin yi kuka."

Ƙofar banɗaki ta buɗe. Yaya ya fito yana gyara wuyan farar rigarsa, fuska ta sha hoda saboda fitila. Yana ganina ya yi murmushin nan nasa na cikin waya.

"A'a, Autar Umma! Lafiya dai? Ya jikin Baba?"

"Ni za ka tambaya? Ai kai ka fi ni sani. Allah ya jiƙansa, Yaya. Ya haƙuri?"

Ya dubi allon kwamfutar, ya dubi Manaja, ya dubi carbin da ke hannuna. Murmushin ya zube.

"Auta, zauna in miki bayani."

"Ba zan zauna ba."

"Ba yadda kike zato ba ne."

"To yaya ne? Faɗa min. Wani uban ne da kai ban sani ba?"

"Ki iya bakinki. Ni yayanki ne."

"Shi kuma ubanka ne!"

Ya ja kujera ya zauna, ya haɗa yatsunsa kamar yadda yake yi in zai amsa tambayar mabiya.

"Saurara. Kowane mai rai mamaci ne. Ni, ke, Baba, duk tafiya za mu yi. Ranar da abin zai faru, kina ganin zan iya tsayawa gaban kamara? Ba zan iya ba. Zan ruɗe. Kuma mutane suna da haƙƙi a kaina. Dubban jama'a ke yi wa Baba addu'a ta dalilina. Dole su ji daga bakina, cikin natsuwa, da nasiha a ciki. Wani ma sanadin shiriyarsa ke nan."

"Da man zafi a ido?"

Ya kawar da kai.

"Na ce da man zafi a ido ake shiryar da mutane?"

Manaja ya sa baki, murya a sanyaye kamar mai lallashin yaro. "Ƙanwarmu, ke ba ki san harkar nan ba. Mutum na zaune yana ja da yatsa, yana wucewa. Ga masu rawa, ga masu barkwanci, ga masu zagin juna. In ba ka kama zuciyarsa nan take ba, ya tafi. Ustaz ya yi karatu mai zurfi a kan gado, wa ya kalla? Amma ranar da muka ɗora hannun Baba da ƙarin ruwa a jiki, shafin nan kamar zai fashe. Mu ba mu muka halicci mutane haka ba. Kuka suke so. In za a yi kuka a wurin masu rawa, ai gara a yi shi a wurin mai kiran Allah."

"Kai kuma wa ya sa da kai?"

"Aikina ne."

"Aikinka binne masu rai?"

"Shiri ne kawai. Kamfanin turaren nan ma sun fahimta, sun ce za su ɗauki nauyin karatun kwana uku kai tsaye. Duk wanda ya saya da sunan Baba za a yi masa rangwame, wani kaso kuma ya tafi sadaka. Lada ne ke gudana zuwa kabarinsa."

"Wane kabarin?"



"Na ce wane kabarin? Mutumin da ya aike ni sayen lemo?"

Yaya ya ɗago da sauri. "Lemo? Baba ya yi magana?"

"Ya tashi zaune. Ya sha shayi. Ya yi dariya. Likita ya ce in ya ɗore a haka za a iya sallamarsa. Abin da na zo faɗa maka ke nan. Ya ce ka zo yana son ganinka."

Na zuba masa ido ina jiran in ga farin ciki.

Ya ce, "Alhamdulillah." Ya faɗa kam. Amma kafin ya faɗa sai da idonsa ya gilma wajen Manaja, Manaja kuma ya ɗan taɓe baki kamar wanda aka ce masa an ɗage ranar biki.

Wannan ɗan kallon shi ya ƙarasa ni.

Wannan fa shi ne Yayan da ke goya ni zuwa makaranta. Shi ne wanda ya fara wa'azi da tsohuwar waya mai fasasshen gilashi, yana jingina ta da gwangwanin madara a kan keken ɗinkin Baba. A lokacin in mutum goma suka saurare shi sai ya kwana yana godiya. Baba ya sha dakatar da ɗinki don ƙarar keke kar ta shiga cikin muryarsa. Telan da bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba sai na katin shaida, shi ne yau duniya ta san har launin fanjamarsa ta asibiti.

"Yaya, kana jin tsoron Allah kuwa?"

Ransa ya ɓaci. "Ni kike tambaya? Ni da nake kwana ina kiran mutane zuwa gare shi?"

"Kana kiran su zuwa gare shi, ko kana kiran su zuwa zuma?"

"Auta!"

"Ka daka min tsawa. Ba kamara a kunne, ba wanda zai gani."

Ya miƙe tsaye, jijiyar wuyansa ta fito. "Ɗakin da Baba ke kwance, wa ya samar masa? Maganin da ake ɗura masa daga ina? Daga albashinki na koyarwa? Wannan kamarar da kike ƙyama ita ke riƙe da gidanmu!"

"Da Baba ya san da abin da ake biya, wallahi da a tabarma zai zaɓi ya mutu."

"Ki daina rantsuwa a kan abin da ba ki sani ba."

"To mu je mu tambaye shi. Ɗauko kwamfutar. Mu kunna masa, shi da Umma. In ya sa maka albarka, ni kuma in durƙusa in ba ka haƙuri a gaban mabiyanka kaf."

Bai motsa ba.

"Mu je mana, Ustaz."

Ya koma ya zauna. Ya sa tafin hannu ya shafe fuskarsa, hodar ta bi yatsunsa. Da ya yi magana, muryar ta yi ƙasa sosai.

"Me kike so a yi?"

"A goge. Yanzu, a gabana."

"Goge shi," ya ce da Manaja ba tare da ya dube shi ba.

"Ustaz, aikin yini guda ne fa. Hasken ranar nan ba za mu sake samun irinsa ba."

"Na ce ka goge."

Manaja ya yi ajiyar zuciya, ya danna nan ya danna can. Fuskar Yaya ta ɓace daga allon. Ya buɗe hannuwa. "Shi ke nan. Hankali ya kwanta?"

Da na tafi a lokacin. Har na sa carbin da tabaran a jaka. Sai na lura da yadda ya yi saurin kifa wayarsa a kan cinya.

"Wanda ke cikin wayar fa?"

"Wace waya?"

"Ni malamar yara ce. Na san fuskar wanda ya ɓoye abu a ƙarƙashin benci."

Yaya ya ɗago. "Akwai wani ne?"

Manaja ya yi 'yar dariyar rashin gaskiya. "Wanda aka gama tacewa ne. Na riga na loda shi a shafi, yana ajiye, ba wanda ke gani. Don in abin ya faru kar mu tsaya jiran intanet. Dannawa ɗaya ce kawai."

"Ba ka gaya min ka loda ba."

"Ai kai ka ce a zama cikin shiri, Ustaz."

Na miƙa hannu. "Ba ni."

"Wayata ce."

"Ubana ne!"

Na kai wa wayar wawura. Ya riƙe gam, na riƙe gam. Na hango hoton a jikin gilashin: Yaya rungume da carbin Baba, an rubuta INNA LILLAHI da manyan haruffa a sama, a can ƙasa kuma ga ɗan tambarin kamfanin turare. Maɓallai biyu suna kusa da juna. Ya ja, na ja. Yaya na cewa ku bari, ku bari mana. Yatsunmu duk suna kan gilashin.

Wayar ta yi wani ɗan ƙara.

Muka tsaya cak.

Manaja ya duba.

"Ya... ya tafi."

"Me ya tafi?" in ji Yaya.

"Bidiyon. Ya hau."

Har yau ban san yatsan wa ya danna ba.

Sai wayar Yaya da ke kan tebur ta yi ƙara. Ta sake. Ta sake. Kafin ka ce me ta kama rawa ba tsayawa har tana zagaya kanta. Ta Manaja ma ta ɗauka. Kwamfuta ta ɗauka.

"Cire shi!" Yaya ya yi ihu. "Cire shi maza!"

Manaja na kallon gilashin, baki sake. Na leƙa ta kafaɗarsa. Saƙonni na gudu kamar ruwan famfo.

*Allah ya jiƙan Baba.*

*Malam ka sa ni kuka a wurin aiki.*

*Daga yau na daina wasa da sallah, wallahi mutuwa gaskiya ce.*

*Ina za a yi jana'iza?*

*Turaren har yanzu akwai?*

"Ka ji ni ko ba ka ji ni ba?" Yaya ya cafki kafaɗarsa.

"Ustaz, tsaya." Muryar Manaja ta canza, ta yi laushi, idonsa na ƙyalli. "Dubi nan. Dubi yadda yake hawa. Tunda muka buɗe shafin nan ba mu taɓa ganin irin wannan ba."

"Kai mahaukaci ne?" na ce.

Bai ko dube ni ba. "Kuma ko na cire, an riga an kwafa. Ga shi can wasu shafukan sun fara ɗorawa. In ka fito yanzu ka ce Baba na da rai, me za ka ce musu? Kukan na mene ne? Ba za su ce kuskure ba ne, Ustaz. Cewa za su yi maƙaryaci. Masu jiran ka faɗi suna da yawa. Yau ɗin nan za a gama da kai."

"To ya kake so in yi?"

"Mu ɗan jira."

"Mu jira me?" na tambaya.

Ya lashi leɓe. "Masu ciwon zuciya... wani lokaci sukan ji sauƙi kwatsam, su ci, su yi hira. To kuma daga nan..." Ya ɗaga kafaɗa. "Ni ba fata nake ba. Rai na hannun Allah. Cewa na yi kar mu yi gaggawa."

Na juya wajen Yaya. Na jira ya kwaɗa masa mari. Na jira ya shaƙe shi, ya watsa shi waje ta matattakala.

Yaya ya saki kafaɗar Manaja a hankali.

Ya tsaya yana kallon lambobin da ke hawa.



"Tir," na ce. Ita kaɗai ta iya fitowa. "Tir da kai, Yaya."

Sai tawa wayar ta ɗauki ƙara a cikin jaka. Na ciro. Umma.

Yaya ya girgiza min kai da sauri, yana roƙo da ido. Na ɗaga, na sa a lasifika don kowa ya ji.

"Auta!" Muryar Umma na rawa. "Auta, me ke faruwa ne? Gwaggonku ta kira tana kururuwa. Maƙwabta sun kira, wai mutane sun fara taruwa a ƙofar gida. Ni ina ce musu ga shi nan zaune, suna ce min in yi haƙuri in karɓi ƙaddara!"

"Umma, kar ki bari Baba ya ji. Don Allah fita da wayar waje."

"Ya ji ai! Matar da ke jinyar na gadon kusa ce ta kunna da ƙarfi. Ya gane muryar ɗansa. Ya ce a miƙo masa, ya kalla har ƙarshe. Auta, har carbinsa ya gani..."

Na ji motsi, na ji Umma na cewa a'a Malam, kwanta mana, kar ka cire wannan. Sai numfashi ya cika wayar, mai nauyi, yana fita da ƙyar.

"Auta."

"Na'am, Baba." Hawaye suka ɓalle min.

"Yayan naki na kusa?"

"Ga shi nan, Baba. Yana jin ka."

Yaya ya durƙushe a kan dardumar nan da aka liƙe da salatif.

Baba ya yi tari. Ya ja numfashi. Da ya yi magana, babu faɗa a muryarsa ko kaɗan. Irin muryar da yake tambayar mai kaya ranar da zai zo karɓar ɗinki.

"Tambayar min shi... ƙarfe nawa ya sa za a yi min sallah? Don in shirya."

"Baba!" Yaya ya rarrafo yana miƙa hannu ga wayar. "Baba, wallahi ka saurare ni, Baba..."

Wani abu ya faɗi a can ɓangaren, kamar kofi ya tarwatse a ƙasa. Na'urar da ke gefen gadon ta ɗauki kuka mai tsawo.

"Malam? Malam! Wayyo Allah, ku kira likita! Jama'a ku taimake ni!"

Layin ya katse.

Na tsaya riƙe da wayar, kunnuwana na ƙara. Yaya na durƙushe, wannan karon hawayen na zuba ba tare da an shafa komai ba.

Manaja ya yi gyaran murya a bayanmu.

"Ustaz..." ya ce a hankali. "In bar shi ke nan?"